Zauren Tambaya: Wa Ya Gina Kules, Sansanin Bakin Teku na Tsibirin Kirit?

Assalamu alaikum. Hoton nan da aka buga a bangon baya na fitowar da ta wuce, na wani jibgegen ginin dutse da ke zaune a bakin tashar jiragen ruwa igiyar ruwa tana dukansa, ya jawo mini wasiƙu fiye da yadda na zata. Ginin sunansa Kules, yana birnin Hirakiliyon, babban birnin tsibirin Kirit na ƙasar Girka, a gabashin Bahar Rum. Na tsamo huɗu daga cikin wasiƙun, sauran duk kusan abu guda suke tambaya.

Tambaya: Malam, gardama ce ta kaure tsakanina da abokina a ɗakin kwananmu. Shi ya ce Musulmi ne suka gina wannan sansani, hujjarsa sunan na Turkanci ne. Ni kuma na ce Turawa ne. Mun yarda duk wanda ya faɗi zai sayi tsire. Wa ke da gaskiya? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗana, ka shirya cin tsire, amma ka yaga wa abokinka tsinke biyu, don bai yi ɓatan kai gaba ɗaya ba.

Sunan dai na Turkawa ne. Su suka kira wurin Su Kulesi, wato hasumiyar ruwa, bakin Girkawa ya tauna shi ya koma Kules. Amma ginin da ka gani a hoto aikin mutanen Benis ne, birnin nan na Italiya da tituna suke ruwa, mota take kwalekwale. Su suna kiransa Rocca a Mare, sansanin cikin teku. Sun fara shi a 1523, suka gama a 1540, Turkawa kuwa ba su sa ƙafa a cikinsa ba sai 1669. Ka ga ke nan ya haura shekara 120 a tsaye kafin masu sunan su iso. Hujjar ma tana manne a jikin bangon: a wurare uku an sassaƙa zaki mai fukafukai a farin dutse, tambarin Benis, alamar waliyyinsu Markus. Gishirin teku ya cinye fuskokin zakunan, amma ko makaho ya shafa ya san ba aikin Baturke ba ne.

Inda abokinka ya taɓo gaskiya shi ne asalin garin kansa. A 818 mutanen wata unguwa a Ƙurɗuba ta Andalus suka yi wa sarkinsu Alhakam bore. Ya murƙushe su, ya kore su. Wasu suka gangara Fas ta Maroko, wasu suka hau jirage sai Iskandariyya ta Masar, suka riƙe ta na 'yan shekaru, can ma aka fatattake su. Da madugunsu Abu Hafsin Umar suka faɗa Kirit wajajen 827, suka ƙwace ta daga hannun Rumawan Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, suka kafa masarauta. Sabon garin da suka mayar hedkwata suka zagaye shi da ganuwa, suka haƙa mata rami mai zurfi, suka kira shi Rabdul Handaƙ. Duk yaron da ya yi makarantar Islamiyya ya san wannan kalma, ita ce ta Yaƙin Handaƙ, wanda mu muke cewa Yaƙin Gwalalo. To Handaƙ ɗin nan ce Rumawa suka mayar Handakas da suka sake ƙwace tsibirin a 961 ƙarƙashin sarkin yaƙinsu Nikiforos Fokas, Benisawa suka mayar Kandiya, Turkawa suka ce Kandiye. Har gobe akwai titi a tsakiyar Hirakiliyon mai suna Handakos. Na bi shi da ƙafata ina murmushi ni kaɗai, ina cewa a raina yau ga ni a titin Gwalalo.

Su kuwa Benisawa sayen tsibirin suka yi. Bayan mayaƙan 'yan Salibiyya sun wawashe Kustantiniyya a 1204 aka raba ganima, Kirit ta faɗa rabon wani basarake mai suna Bonifas, shi kuma ya sayar wa Benis. Sai da suka gwabza da abokan gabarsu mutanen Jenowa na wasu shekaru kafin su zauna daram. Sun tarar da wata tsohuwar hasumiya a bakin tashar, girgizar ƙasa ta 1303 ta ragargaza ta, aka gyara, ta ci gaba da aiki har ranar da aka rushe ta don a kafa wannan.

Abin da Turkawa suka ƙara ba shi da yawa: 'yan katangu masu tsaga a saman rufin inda mai bindiga zai laɓe, da ɗan masallaci a can sama, sai wani ƙaramin sansani da suka gina a ɗaya gefen tashar, Ƙaramin Kules, wanda aka rushe a 1936 lokacin da ake faɗaɗa gari.

Tunda na ambaci bindiga, ga wani abu da ke ba ni sha'awa. Larabawa suna kiran birnin Benis da Bunduƙiyya, kuma da wannan kalmar dai suke kiran bindiga, daga gare ta ne ma muka samo tamu. Abokinka zai iya riƙe wannan ya je da shi wata gardamar.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni magini ne, shekarata 22 ina aikin siminti. Abu biyu suka ɗaure mini kai. Yaya aka yi tushen gini a cikin ruwa a zamanin da ba inji? Kuma me ya sa ginin ya zama gajere, a daɓe kamar kunkuru, alhali gidajen sarakunan Turawa da muke gani dogaye ne masu tsini? Daga wani magini a Maraɗi.

Amsa: Malam magini, tambayarka ta fi kowacce yi mini daɗi, don ido ne na mai sana'a.

Tushen farko akwai shi: duwatsu ne na halitta da suka ɗan leƙo daga ruwa a bakin tashar, a kansu tsohuwar hasumiyar take. Amma wurin ya yi kaɗan ga abin da ake so a gina. Dabarar da suka yi ita ce, su ɗauko tsofaffin jiragen ruwa da suka gama aiki, su maƙare su da duwatsu, su ja su zuwa inda ake so, su nutsar. Jirgin ya zama kamar akwatin katako da kuke kafawa kafin ku zuba kankare: shi ke riƙe duwatsun wuri guda kada igiyar ruwa ta watsa su kafin su zauna. Jirgi bisa jirgi, dutse bisa dutse, har aka sami dandamalin da ya ɗauki gini mai faɗin murabba'in mita 3,600, kimanin rabin filin ƙwallo. Shi ya sa aikin ya ci shekara 17.

Batun gajarta kuwa, albarushi ne ya jawo. Dogayen gidajen da kake gani na zamanin kibiya da tsani ne. A lokacin, tsawo shi ne tsaro: maharbi yana sama, abokin gaba yana ƙasa yana neman hanyar hawa. Da igwa ta ƙarfafa sai lissafi ya juye. Dogon bango siriri ya zama abin hari, a daki gindinsa ya rufto da kansa. Faɗuwar Kustantiniyya a hannun Sarki Muhammadu Alfatih a 1453, da manyan igwoyinsa, ta tsorata Benis ƙwarai, har a 1462 majalisarsu ta yanke shawarar sake ganuwar Kandiya gaba ɗaya. Sabon salon shi ne a sauke tsawo a ƙara kauri. Bangon Kules a wasu wurare kaurinsa ya kai mita 8.7. Ka jera motoci biyu a tsaye, hanci da wutsiya, kaurin bango guda ke nan. Ganuwar da ta zagaye birnin ta tudu ma cika ta aka yi da ƙasa a bayan dutsen, don ƙasa tana shanye harsashi, dutse kuwa tsagewa yake. Mutanen Kano sun ga irin wannan a 1903: igwar Turawa ba ta iya da jikin ganuwa ba, ƙofa aka samu aka fasa.

Ginin kashi biyu ne a haɗe. Akwai ɓangare mai kusurwa huɗu wanda ya ɗan fi tsawo, sai ɓangare mai lanƙwasa kamar rabin ƙwai wanda ya fi shiga teku. Lanƙwasar tana da amfani biyu: harsashi yakan goge ta ya zame maimakon ya dake ta kai tsaye, haka ma igiyar ruwa. Ƙofofi uku ne, babbar tana kallon gari.

Na shiga cikinsa shekarun baya, bayan an gama gyara an sake buɗe shi a 2016. Ɗan ƙanena da ke karatu a Atina ne ya matsa sai na je, muka kwana a jirgin ruwa daga tashar Firiyus, gari na wayewa muka iso. Abin da ya fara dukana da na shiga shi ne sanyi da duhu, kamar ka shiga tsohon soron sarauta da tsakar rana. Hawa biyu ne, ɗakuna 26. Rufin ɗakunan ƙasa duk a lanƙwashe yake, irin abin da maginanmu na gargajiya ke kira bakan gizo, sai dai su da dutse suka ɗaura nasu, mu da azara da ƙasa. Dalilin guda ne: nauyin sama ya bi lanƙwasar ya sauka a kan bango, ba a tsakiyar ɗaki ba. Kuma nauyin da ke sama ba na wasa ba ne, igwoyi ne. A cikin rufin an bar manyan ramuka da haske ke sauka ta ciki. Na ɗauka ado ne, sai da na tsaya a ɗakin igwa na tuna cewa in aka harba igwa a rufaffen wuri hayaƙin albarushi zai kashe mai harbin kafin abokin gaba ya kashe shi. Mafitar hayaƙi ce.

Tagogin igwa kuwa kamar rami suke a cikin kaurin bangon, ka sunkuya ka leƙa ka hango shuɗin ruwa can ƙarshe. Ban da matakala, akwai wata hanya mai gangara wadda ake jan igwa a kanta zuwa sama. Lissafin 1630 ya nuna igwa 18 a ƙasa, 25 a sama. Sauran ɗakunan na zaman sojoji ne da ajiyar abinci da harsasai, da matattarar ruwan sha, da wurin niƙa, da tanderun burodi, da ɗakin ibada, da kurkuku. An tsara shi yadda ko an datse shi daga gari zai ci da kansa.

Amma in ka tambaye ni babban abokin gabar wannan gini, ba Baturke ba ne, teku ne. Tun Benisawa suna nan ba su huta da gyara ba, kullum ruwa yana ƙwaƙule gindin bango. Ni ma na ɗanɗana. Ranar da muka hau rufin iskar arewa ce ke kaɗawa, ina tsaye ina nuna wa yaron tsibirin Diya da ke hange, sai ji na yi kaina ya yi sakayau. Hulata zanna bukar, sabuwa, wadda na ajiye don tafiyar, tana can tana lilo a iska, ta sauka a ruwa. Wani dattijo Bagirke da ke kusa ya kama ciki yana dariya, yana nuna mini tasa hular da ya cusa a hammata tun daga ƙasa. Da kai ba hula na koma masauki, kamar ɗan makaranta.

Tambaya: Baba Malam, na ji an ce an yi shekara 21 ana yaƙi a kan wannan gari. Anya ba ƙari a ciki? Kuma idan gaskiya ne, wannan sansanin ne ya hana a ci garin? Daga wata malamar makaranta a Kumasi.

Amsa: 'Yata, ba ƙari. Daga 1648 zuwa 1669 aka yi ana zobe da Kandiya, yana cikin mafi daɗewar ƙawanya da tarihi ya sani. Sarkin Turkawa Muhammadu na Huɗu yana ɗan shekara 6 aka naɗa shi a shekarar da aka fara, bai ji labarin nasara ba sai yana da 27. In na ce Daular Usmaniyya a nan, ta Turkawa nake nufi mai hedkwata a Istanbul, ba tamu ta Shehu ba, don na sha ganin ɗalibai suna cakuɗa su a jarrabawa.

Mafarin rigimar alhazai ne. A 1644 mayaƙan tsibirin Malta suka tare ayarin jiragen Turkawa da ke kan hanyar Iskandariyya, cikinsu da maniyyata da manyan fada, har da Sunbul Aga, baƙar fata, tsohon shugaban babannin gidan Sarki, wanda aka kashe a harin. Da suka kwashi ganima da bayi sai suka yada zango a wata 'yar tasha a kudancin Kirit. Sarkin Turkawa na lokacin, Ibrahim, ya ɗora laifin a kan Benis. A gaskiya da ma ana neman dalili, don tsibirin ya tokare hanyar jirage tsakanin Istanbul da Masar, kuma Turkawa sun riga sun karɓe Rodos a 1522 da Ƙubrus a 1571. A 1645 rundunar ta fito ana shelar Malta za ta, sai ta karkata ta sauka Kirit. Garin Haniya ya faɗi a shekarar, garin Retimno a 1646. Kafin a jima duk tsibirin ya shiga hannu sai Kandiya da 'yan ƙananan sansanoni.

Amsar tambayarki ta biyu ita ce a'a, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa da girman ginin. Kules an gina shi ne don ya tare jiragen da za su kawo hari ta teku, Turkawa kuwa ta tudu suka zo. Aikin ya faɗa kan ganuwar tudu mai manyan kusurwoyi bakwai da gwalalonta. Da Turkawa suka matso da igwoyinsu gaɓar teku ta gabas da yamma, sun iya rufe bakin igwoyin Kules ba tare da wata wahala ba.

Abin da ya riƙe garin shi ne teku. Turkawa sun fi ƙarfi a ƙasa, Benis ta fi ƙarfi a ruwa. Muddin jirgi zai shigo da alkama da albarushi da sabbin sojoji, yunwa ba za ta ci garin ba. Benisawa ma har mashigin Dardanel suka riƙa zuwa suna toshewa, su hana kayan yaƙi fitowa daga Istanbul, ya zamana masu ƙawanyar su ma a ƙawanye suke. An yi shekaru ana zaman kallon kallo. Turkawa suka gaji da tanti suka gina garinsu a kan tudu kudu da birnin, suka sa masa suna Inadiye, daga kalmar da ke nufin taurin kai. Ni dai ban taɓa jin sunan da ya dace da wuri kamar wannan ba.

Abin ya canza ne da babban waziri Fazil Ahmad Fasha, na gidan Kofrulu, ya zo da kansa ya kama ragama a 1667. Daga nan yaƙin ya koma ƙarƙashin ƙasa. Turkawa su haƙa rami har gindin ganuwa su cusa albarushi su tayar, Benisawa su haƙa nasu su tare su, a haɗu a cikin duhu ana sara da suka. Wani injiniyan Benis mai suna Andireya Barozi ya tsere ya koma wajen Turkawa, ya nuna musu inda ganuwar ta fi rauni, wato kusurwoyi biyun da suke bakin ruwa, San Andireya da Sabiyonara. Faransa ta aiko da gudummawa a 1669, amma abin bai yi kyau ba: jagoransu Bofor ya mutu a wani farmaki, sannan ɗaya daga manyan jiragensu, La Thérèse, ya yi bindiga da albarushinsa ya nutse a gaban garin. Faransawa suka tattara suka tafi. Kwamandan Benis, Faransisko Morosini, ya duba ya ga saura 'yan dubbai masu iya riƙe makami, ya nemi sulhu, aka ƙulla shi a watan Satumba. Sharaɗin ya yi masa kyau: a bar su su fita da ransu da kayansu. Kusan duk mutanen garin suka bi jiragen, Turkawa suka shiga kufai. Kules ɗin da ake ta magana ba a hau shi da tsani ba, ba a fasa shi ba, mabuɗi aka miƙa.

Morosini ya fuskanci tuhuma a gida don ya miƙa gari ba da izini ba, aka wanke shi, daga baya ma ya zama shugaban Benis. Shi ne kuma wanda igwar rundunarsa ta tarwatsa Fatinon, shahararren tsohon haikalin Atina, a 1687. Wasu kayan da aka tsamo daga La Thérèse suna ajiye yau a ɗakunan ƙasa na Kules, tare da tulunan da masu ninƙaya suka ciro daga tsofaffin jiragen da suka nutse kusa da Diya.

Tambaya: Malam, yanzu akwai Musulmi a garin? In mutum ya je zai iya salla a masallacin da ke saman ginin? Daga wata Hajiya a Garwa.

Amsa: Hajiya, masallacin ba ya nan a matsayin wurin salla, ginin duka gidan tarihi ne yanzu, da tikiti ake shiga. A zamanin Turkawa ma an fi saninsa da kurkuku. Mutanen Safakiya, wani yanki na kudancin Kirit, da suka yi tawaye a 1770 a nan aka tsare wasunsu, jagoransu Daskaloyanis kuwa aka yi masa kisan gilla a cikin garin a 1771, abin da har yau Kiritawa ba su manta ba.

Musulmin Kirit na asali yawancinsu 'yan tsibirin ne da suka musulunta, Girkanci suke yi a gida. Sun fara ƙaura tun ƙarshen ƙarni na 19 da rikici ya tsananta. Sojan Turkawa ya fice a 1898, tsibirin ya haɗe da Girka a 1913, sannan yarjejeniyar musayar jama'a ta 1923, wadda aka yi bisa addini ba harshe ba, ta kwashe sauran zuwa Turkiyya. Wasu daga cikin na farkon suna ƙauyen Hamidiyya a gaɓar Siriya, jikokinsu har yanzu suna jin Girkancin Kirit. Babban masallacin waziri da ke tsakiyar Hirakiliyon shi ne cocin Titus na yau, wanda da ma coci ne a wurin kafin zuwan Turkawa. In kin tsaya a gabansa kin dubi ƙubbar da tagogin, za ki gane siffar masallaci. Musulmin da za ki tarar yanzu baƙi ne 'yan ci-rani da ɗalibai, su za ki tambaya inda suke haɗuwa ran Juma'a.

In Allah ya nufa za ki, bizar Shengen, wato ta shiga rukunin ƙasashen Turai da Girka ke ciki, ake nema. Ki je Kules da hantsi kafin iska ta taso, don in teku ya fusata ruwa har kan hanyar shiga yake watsowa. Ki sa takalmi mara santsi saboda gangarar igwa, ki kuma ɗaure mayafinki da kyau kafin ki hau rufin.

Mai tambaya daga Abeche a kan ganuwar Rodos, na ga wasiƙarka, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.